Bayeke da Masu Sanda

Ranar da aka tafi da Luphelo dutse karensa ya ciji mutum. Da ma wani yaro ya ciza ko baƙon hanya, da abin ya zo da sauƙi. Tsoho Mpiyakhe ya samu, dattijon da ya girmi kowa a dangin mijin Nofezile, uwar Luphelo, mutumin da in ya yi gyaran murya a bakin garken shanu hira ke tsayawa. Maza sun cika tsakar gida da sandunansu suna waƙa, sun lulluɓe yaron da bargo za su kai shi wurin kaciya, sai karen, Bayeke, ya tsinka igiyar da aka ɗaure shi da ita a bayan ɗakin girki, ya ratso ta tsakanin ƙafafu, ya cafki tsohon a sharaɓa. Wandon ya fi jin jiki, amma jini ya fita, kuma kowa ya gani.

Nofezile tana cikin ɗaki tare da mata, don ba a yarda uwa ta ga fitar ɗanta ba. Ihu kawai ta ji, da ƙarar sanda a kan haƙarƙari, da kukan kare yana nisa. Ta zauna kamar sauran matan, amma hankalinta yana kan maganar da Luphelo ya yi mata jiya da rana bayan an aske masa kai. Bai ce yana jin tsoro ba, bai tambaye ta komai ba. Ya tsuguna yana sosa wa karen bayan kunne, ya ce ba tare da ya dube ta ba:

"Mama, ki riƙe min Bayeke. In dawo in same shi."

Ta ce to. Me kuma za ta ce? Yaro zai tafi inda ba ta da ikon kai masa ko ruwan sha, abu ɗaya tak ya nema a wurinta.

Da yamma Dumile ya sauko daga dutse. Wan mijinta ne, kuma tun rasuwar mijin shi ke tsaye a kan al'amuran gidan. Ya tsaya a bakin ƙofa bai zauna ba, ya ce a fito masa da karen zai kashe shi. Ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Ta ce za ta sayi sarƙa, za ta kai shi garinsu wurin ƙannenta har a gama bikin dawowa. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya tambaye ta har yaushe. Ko ta manta ne? Sabon namiji, wanda ya gama kaciya, da baƙar sanda yake saukowa, kuma wata da watanni ba ya ajiye ta, ko shago zai je tana hannunsa.

"Ɗanki da kansa mai sanda ne zai dawo, uwar Luphelo. Shi kike so ya ciza?"

Ta ce yaron ne ya ba ta amana. Wannan ta ɗan taɓa shi. Ya kalli ƙasa, ya ce to, ya bar shi zuwa ranar saukowa. Amma ranar, in karen nan ya buɗe baki a kan maza, shi da hannunsa zai gama da shi a bayan garke, kuma kada ta sake durƙusa masa.

Gaskiyar magana Bayeke ba mugun kare ba ne. Kaji suna cin abinci a kwanonsa yana kallo, jikokin maƙwabta suna hawa bayansa. Yana ɗan kwikwiyo wasu karnuka suka yi wa tumakin ƙauyen ɓarna, maza suka fito suka bi duk karen da suka gani da duka, mai laifi da marar laifi. Luphelo ya tsince shi a cikin kwazazzabo da karyayyar ƙafa, ya yi jinyarsa a ƙarƙashin gadonsa. Ƙafar ta warke, abin da ke cikin kai ne bai warke ba. Tun daga nan in ya hango namiji da sanda sai ya zama wani abu daban. A ƙauyukan yankinsu na Ngcobo kuwa, wane namiji ne ba ya riƙe sanda? Mai zuwa kiwo, mai zuwa coci, mai zuwa tambayar lafiyar maƙwabci, kowa da tasa.

Kwana biyu karen bai dawo gida ba. Da ya dawo, sai ya shige ɗakin Luphelo inda babu kowa kuma babu komai, don an riga an rabar da kayan ƙuruciyar yaron. Ya kwanta a ƙasa inda gadon yake a da. Nofezile ta tsaya a ƙofa tana kallonsa, haushi da tausayi suka haɗe mata a ƙirji, ta ce masa ya ja musu, shi da ita.

A makon nan ƙanwarta Phumeza ta iso daga birnin Monti da hutun ƙarshen shekara, don ta taya ta dafa burkutun biki. Phumeza aikin gida take yi wa wasu masu hali a bakin teku, kuma bakinta ba ya hutawa. Da ta ji labarin sai da ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai karen ya san nama, tsohon da ya daɗe yana laushi ya zaɓa. Da ta ga yayarta ba ta taya ta dariyar ba, sai ta nutsu.

Ta ce karen uwar ɗakinta ma haka yake, shi motar kwasar shara ce abokiyar gabarsa. Wai har wata yarinya aka ɗauko, mai jakar cuku a ƙugu, tana zuwa gida tana yi wa kare maganin tsoro kamar wani ɗan sarauta. Phumeza tana goge tagogi tana kallo tana tsaki, amma abin ya yi aiki, da idonta ta gani. Yarinyar ba ta taɓa tsawata masa ba, ba ta taɓa fizgar igiya ba. Can nesa take tsayawa da shi, inda yana hango motar amma bai fara hauka ba. Da ya ɗaga kai ya gan ta, sai cuku. Mota ta wuce, cuku ya ƙare. In ya ƙi karɓar abincin, to an matsa da yawa ke nan, sai a ja da baya ba tare da surutu ba.

"Ba mugunta ba ce, Yaya, tsoro ne. Duk haushin nan cewa yake a rabu da shi. In kika dake shi, kin ƙara masa hujja ke nan."

Nofezile ta ce ita ba ta da cuku. Phumeza ta ce kare ɗan ƙauye me ya sani da cuku, hanta da tumbi ma sun yi masa yawa.

Suka fara washegari, kuma suka fara da shirme. Phumeza ta sa tsohon kwat ɗin marigayi, ta kifa hularsa, ta yafa bargo, ta ɗauki sandarsa, ta tsaya can bakin gonar masara tana tafiyar maza. Bayeke ya dube ta, ya karɓi hanta. Ta matso, ya karɓa. Kafin mako ya fita tana tsaye a kansa tana kaɗa sanda, shi kuwa yana kaɗa wutsiya. Matan biyu suka yi ta murna, Phumeza har tana cewa za ta bar goge tagogi ta sayi jakar ƙugu. Ran nan wani maƙwabci ya biyo ta bakin shinge yana neman akuyarsa, da 'yar sanda siririya a hannu. Bayeke ya yi kukan kura, igiya ta ƙone wa Nofezile tafin hannu, da ƙyar ta riƙe shi. Ashe duk kwanakin nan ya san Phumeza ce a cikin kwat ɗin, hantarsu kawai yake ci.

Maza na gaske ake bukata ke nan, kuma daga nesa. Nofezile ta yi ta tunanin inda za ta same su ba tare da ta roƙi kowa ba. Sai ta tuna da hanyar da ke ƙetaren rafi, wadda maza ke bi kowace safiya zuwa dutse, masu kai abinci da masu duba yaran. Daga ƙasan gonarta, kusa da wani faffaɗan dutse, ana hango hanyar, mutum ba ya wuce tsawon yatsa. Nan ta riƙa zuwa da sassafe, da yankakken tumbi a aljihun riga.

A nan ne ta fara sanin karen da ta yi shekaru tana zuba wa abinci. Ashe kafin haushi akwai maganganu da yawa da yake yi, ita ce ba ta taɓa kula ba. Bakinsa ke fara rufewa. Sai kunnuwa su miƙe, jiki ya sandare, ya lashi hanci, gashin gadon bayansa ya tashi. In ta ba shi nama tun bakin bai rufe ba, yana karɓa a hankali. In ta makara, sai ya fizga har haƙori ya taɓa yatsanta, ko ya ƙi karɓa sam. Ran da ya ƙi, ba ta cewa komai, sai ta juya da shi su koma bayan dutsen su zauna har numfashinsa ya daidaita. Ta kuma lura da hannunta. Ita ce ke fara hango mutum ta ɗame igiya, shi kuma yana jin igiya ta ɗame sai ya ɗauka masifa ta iso. Sakin hannun nan ya fi komai yi mata wuya.

Wata safiya wani ya ɓullo a hanyar, da bargo da sanda a kafaɗa. Bayeke ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sai ya juyo da kansa ya dubi Nofezile, kamar mai cewa ga wani can, ina nawa? Daɗi ya kama ta har ta juye masa duk abin da ke aljihun.

Sai dai akwai abin da ba ta gaya wa ko Phumeza ba. Daga wannan dutsen, in ta ɗaga kai kaɗan, ana hango hayaƙi yana tashi daga cikin itatuwan kan tudu. Ba ta san ko na bukkar Luphelo ba ne. Duk da haka tana kallo. Kowace shekara ana jin labarin yaron da ya hau bai sauko ba, kuma ba a gaya wa uwa komai sai an kawo mata bargonsa. In ta ga hayaƙi sai ta ce an hura wuta, in an hura wuta akwai mai jin sanyi, mai jin sanyi kuwa yana da rai. Da wannan lissafin na banza take samun cin abincin rana.

Ƙauye ba ya makanta. Mazan da take kallo su ma suna kallonta. Magana ta fara yawo a bakin famfo cewa matar marigayi tana zama kullum tana fuskantar dutse, tana ciro wani abu daga aljihu tana magana ƙasa-ƙasa. Ba a daɗe ba Dumile ya same ta a wurin. Ya taho kai tsaye da sauri, sanda a hannu, fuska a murtuke. Ta ɗaga hannu tana roƙonsa ya tsaya daga can, ina, bai ko saurara ba. Bayeke ya haukace, ya yi ta haushi yana tsalle har kumfa ta fito masa a baki, ya saki fitsari a ƙafarta. A cikin wannan hayaniyar Dumile ya faɗi abin da ya kawo shi. Mace ba ta kallon dutse, ta sani, uwarta ta sani. Shi bai ce tana wani abu ba, amma mutane suna faɗa.

"In raunin yaro ya ƙi warkewa, sunan wa kike jin za a kira?"

Maganar ta shige ta har ƙashi. Ta ja karen suka koma gida, ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta. Abin da ya fi ƙona ta shi ne ba ƙarya tsantsa aka yi mata ba, ta kalli hayaƙin.

Kwanaki ba ta fita da shi ba. Bayeke ya koma firgita ko tsintsiya aka ɗaga. Phumeza ta ce a bar shi ya huta, yarinyar mai cuku ma in abu ya ɓaci hutu take ba karen. Suka ci gaba da jiƙa dawa da tankaɗe, shi kuma ya yi ta barci a ɗakin Luphelo. Lokaci kuwa yana tafiya, har an fara kawo itacen biki.

Ranar Lahadi bayan coci Nofezile ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta yafa mayafi, ta tafi gidan Dumile. Ta zauna a ƙasa gefen mata, ta jira har ya gama cin faten masara da wakensa. Ta ce ta yi kuskure, ba za ta sake zama wurin ba. Amma tana bukatar namiji mai sanda ya tsaya mata daga nesa, ta gefen da ba a ganin dutse, kuma ba ta da wanda za ta roƙa sai shi. Ya dube ta kamar ta zare. Ya ce shi da furfurarsa za a kafa a gona kamar mutum-mutumin korar tsuntsaye? In gyara take so, a ɗaure karen a tsakiyar maza ranar shan burkutu, ya yi haushin har ya gaji, zai saba.

"Yaya, ai a tsakiyar maza ya samo ciwon."

Ya san ranar da take nufi, don yana cikin waɗanda suka fito saboda tumaki. Ta yi masa sallama ta tafi, ba ta sa rai da komai ba.

Washegari da safe tana shara sai ta hango mutum can ƙarshen fili, wajen shingen da ya raba gonarta da makiyaya. Dumile ne, ya jingina sandarsa a kafaɗa yana gyaran wata waya wadda lafiyarta ƙalau. Ba ta gaishe shi ba, shi ma bai ɗago ba. Ta shiga ta ɗauko igiya da tumbi.

Haka suka yi ta yi. Kullum akwai wayar da ke bukatar gyara, kuma kullum wayar tana ɗan matsowa kusa da gida. Wata rana ya yi gaggawa ya tsallake turaku da yawa, Bayeke ya ƙi nama ya fara gurnani. Nofezile ta yi masa alama da hannu ya koma baya, abin da ba ta taɓa yi wa namijin gidan nan ba tun da aka kawo ta. Ya tsaya jim, sannan ya koma. Daga baya ta roƙe shi ya daina zuba wa karen ido, ya riƙa ba shi gefe, ya riƙa tafiya maimakon tsayuwa ƙiƙam. Ya yi tsaki, ya ce saura ta ce ya yi rawa, amma ya yi yadda ta ce.

Har tsoho Mpiyakhe ya zo ganin ikon Allah. Ya tsaya inda aka nuna masa yana dogara sanda, ya ga ana miƙa wa karen da ya cije shi hanta. Ya ce oh, ashe haka ake yi yanzu, wanda ya yi cizo shi ke cin hanta, wanda aka ciza ya tsaya a rana. In haka ne shi ma yana da sauran haƙora biyu, a nuna masa wanda zai ciza. Phumeza ta kai masa ƙoƙon burkutun da ya fara nuna, ya sha, ya ce gobe ma yana nan.

Wata safiya Dumile yana wucewa ta kusa, kusa sosai, Bayeke yana zaune baki a buɗe yana kallonsa yana kallon aljihu. Ba tare da ya juyo ba, kamar da shingen yake magana, ya ce:

"Mai karen nan yana cin abinci sosai. Har ƙari yake nema."

Ya wuce abinsa. Nofezile ta zauna a kan ciyawa mai raɓa. Ka'ida ya karya don ya gaya mata wannan, kuma su biyun sun sani.

Abu ɗaya ne ba su iya gwadawa ba, taro da waƙa. Waƙar saukowa ba a rera ta sai ranarta, kuma ba wanda zai tara maza da yawa saboda kare. Nofezile ta san mutum ɗaya ko uku daban, cikar tsakar gida daban. Ta auna a ranta, ta ga in har tana so Bayeke ya yi shiru, sai dai ta kai shi can bayan gonar masara, inda zai ji kuma ya hango, amma daga nesa. In aka kulle shi a ɗaki shi kaɗai, haushi zai yi ta yi, ya ci ƙofa. Phumeza ta ce ta kawo igiyar ita ta riƙe, uwar yaro ai a gaba take tsayawa, ita ke fara guɗa. Suka gwada. In babu kowa yana karɓar nama a hannun Phumeza, da Dumile ya ɓullo sai ya ƙi, ya yi ta waige yana neman Nofezile.

Ranar saukowa gari ya waye da hayaƙi mai kauri a kan tudu, an ƙone bukkar da duk abin da yaron ya taɓa. Mata suka cika gidan da fararen zannuwa da duwatsun wuya. Da aka fara jin waƙa daga ƙetaren rafi, Nofezile ta zame ta bayan ɗakin girki da kwalliyarta, da igiya a hannu. Wasu mata suka bi ta da kallo, ta san abin da za a faɗa, ta wuce.

Daga bayan masara ta gan su suna hawowa, sanduna a sama suna haɗuwa suna ƙara, samari suna wasan sanda a gaba. Jikin Bayeke ya ɗauki rawa. Bakinsa ya rufe. Ta ja shi baya kaɗan, ta sassauta hannu, ta kai masa hanta bakin hanci. Ya yi kamar ba zai karɓa ba, sannan ya karɓa. Ta ba shi wata, da wata, ba ta bar tazara ba. A tsakiyar mazan akwai mutum ɗaya lulluɓe da farin bargo har ka, yana tafiya a sunkuye, da ƙafarsa yake tafiya, ba wanda ya riƙe shi. Ta ji muryar Phumeza ta tsaga sama da guɗa, sauran mata suka amsa. Tata guɗar ta taso mata har maƙogwaro, ta danne ta, don in ta sake ta karen zai zabura. Hawaye suna zuba, hannunta yana shiga aljihu yana fita, har mazan suka shige garke da ɗanta. Bayeke ya yi 'yar ƙara sau ɗaya a maƙoshi, bai yi haushi ba.

Da rana ta yi sanyi Dumile ya zo bakin gonar, ya tsaya daga nesa ya ba su gefe kamar yadda ya saba. Ya ce bai ji kare ba yau, shi ke nan abin da ya ce. Ta gane an bar mata shi.

Ta ga ɗanta a ranar, a cikin ɗaki, zaune a kan sabuwar tabarma ana yi masa nasiha ana ajiye masa kyaututtuka. Ya rame, muryarsa ta yi ƙasa, idonsa a ƙasa. Ta faɗi nata kalmomin kamar yadda uwa ke faɗa, mutane cike da ɗaki, ba wurin wata magana. Sai washegari da hantsi aka fito da shi. An shafe masa fuska da jar ƙasa, an sa masa sabon kwat da hula, ga baƙar sanda a hannunsa. Dattawa suna zaune a bakin garke suna shan ragowar burkutu suna kallon yadda sabon namiji ke taka ƙasa. Nofezile tana gindin bishiyar da ke bayan ɗakin girki da Bayeke.

Luphelo ya hango su. Ta ga fuskarsa ta buɗe a ƙarƙashin jar ƙasar, irin buɗewar da ta sani tun yana goye. Ya nufo su kai tsaye, yana ƙoƙarin kada ya yi sauri.

Bayeke ya miƙe. Wanda ke tahowa ba ya warin gida, warin hayaƙi yake da man shanu da ƙasa, kayansa sababbi ne, tafiyarsa ta canja, kuma ga sanda. Kunnuwa suka tashi. Ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya juyo ya dubi Nofezile, yana jiran namansa.

Luphelo ya ja ya tsaya. Ya kira sunan karen a hankali, da sabuwar muryar da aka koya masa. Bayeke ya lashi hanci, ya ƙara matsawa jikin zanenta.

"Mama, bai gane ni ba."

Ta ga hannunsa ya sauko zai ajiye sandar a ƙasa ya tsuguna. Ya tuna da idanun da ke bakin garke, ya fasa, ya ƙara damƙe ta. Ya ɗaga ƙafa zai matso. Bakin Bayeke ya rufe.

Ta san in ya iso kusa, hancin karen zai gaya masa ko wane ne. Ta kuma san abin da ke iya faruwa kafin ya iso, a gaban dattawa. Zuciyarta ta yi mata zafi ƙwarai, don wannan yaron ta yi duk abin da ta yi, kuma tun da ya sauko ba ta ko taɓa hannunsa ba. Ta ciro hanta ta ba karen, a kan idon ɗanta.

"Tsaya nan, Luphelo. Kada ka matso. Ka ba shi gefe, ka daina kallonsa."

Ya dube ta, ya dubi karen da ya yi jinya a ƙarƙashin gadonsa yana cin nama a hannunta. Ya juya a hankali ya ba su gefe, sandarsa a hannu, ya tsaya inda ta ce.